Abin da Ke Cikin Kabarin Kaka Paulina

Lahadi, 6 ga Afrilu, 1997

Ba mu cika benci huɗu ba yau a ɗakin addu'a. Ɓangaren maza abin tausayi ne: Kawu Reinhold da tsofaffi biyu, ɗayansu ma barci ne ya kawo shi. Kowane wata sai an rufe wani gida a Lindenfeld, masu shi sun tafi Jamus, mu da muka rage sai mu ƙara matsowa kusa da murhu.

Da Kawu Reinhold ya gama karanta wa'azi, maimakon ya sallame mu sai ya cire tabarau ya tsaya yana kallon rufi. Tun ina budurwa shi ne dattijon ikkilisiya, na san in ya yi haka akwai magana a bakinsa. Ya ce a watan Yuni ikkilisiyarmu za ta cika shekara casa'in da kakanninmu Jamusawa suka taso daga bakin kogin Volga da kekunan shanu suka sauka a wannan fili na Kazakhstan. Ya ce shi ma a Satumba zai bi 'ya'yansa, amma kafin ya tafi yana so ya ji muryar ƙararrawarmu.

Wace ƙararrawa kuma? Shekarata arba'in da bakwai a garin nan ban taɓa jin muna da ita ba. Cocin ainihi tun kafin a haife ni aka mayar da shi rumbun hatsi, daga baya aka rushe shi. Inda muke sujada yanzu gidan wani ne da aka fasa wa bangon tsakiya.

Ya ce a shekarar yunwa, da hukuma ke bi gari-gari tana kwashe ƙararrawa ana kai wa a narkar, mazan garin nan suka ɓoye tamu. "Tana makabarta," in ji shi. "Jana'iza aka yi mata, da waƙa da komai."

Wata ta yi dariya a baya. Mama tana gefena, ta sake buɗe littafin waƙoƙi tana dubawa, alhali an gama waƙa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na je gidan waya, ɗana Artur ya kira daga Jamus. 'Yarsa ta fara dafa kujera tana tafiya. Jikata ce, amma a hoto kawai na san ta, hoton ma ta rufe ido.

Tambayarsa ɗaya ce kullum: yaushe? Takardar izininmu ta ƙaura zuwa Jamus ta zo tun bara, da sunana da na Mama, tana cikin durowa ƙarƙashin tawul. Gonar gwamnati da na yi rabin rayuwata ina duba shanunta ta watse, shanun an sayar, mijina ya daɗe a ƙasa. Babu abin da ya riƙe ni sai Mama, ita kuma abin da ya riƙe ta kabari ne.

Na sake taɓo mata maganar muna fere dankali.

"Ki tafi mana, Melitta, wa ya ɗaure ki?"

"In bar ki da wa?"

"Da saniya. Ta fi ki shiru."

"Mama, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Wa zai share wa uwata kabari? Ke kina da ɗa a can, ni ina da uwa a nan."

Labarin Kaka Paulina na haddace shi kamar Addu'ar Ubangiji. Shekarar yunwa, Mama tana da shekara shida, Kaka ta ɗauki zannuwan gadon aurenta ta nufi tashar jirgin ƙasa a ƙafa don ta musanya da garin alkama. Guguwar ƙanƙara ta taso, ba ta dawo ba. Da ƙanƙara ta narke aka ce an tsince ta, ba a buɗe akwatin ba saboda kyarketai sun riga mutane. Tun daga nan, duk Asabar ɗin da ƙasa take a buɗe, Mama tana makabarta da tsintsiya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Laka har gwiwa. Saniya ta ƙi cin abinci, ni ma haka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Da na sani da ban kai wa Goggo Hermina madara yau ba. Ta haura tamanin, kunne ya tafi, baki kuwa yana nan daram. Ban ma zauna ba ta fara.

"Reinhold sai kewaye-kewaye yake kamar bai san wurin ba. Kabarin Paulina ne mana."

Na ce, "Goggo, Paulina fa kakata ce."

"Za ki gaya mini? Ni na riƙa wanke uwarki bayan kakarki ta tafi. Paulina mace ce kamar sandar tsintsiya, ga yunwa a kai. Amma akwatinta faɗinsa ya kai na ajiyar gari, maza takwas suna nishi a ƙarƙashinsa. Ke da kika yi makaranta, kin taɓa jin gawar shekarar yunwa ta gagari maza huɗu?"

Na tsaya riƙe da tulun madara. Ta ce kada in kuskura in gaya wa Olinda, wato Mama. Kafin in kai ƙofa kuma ta ce, ko dai a tafki aka jefa ƙararrawar ne? A'a, wannan ta garin gaba ce. Ko tamu ce? Ta ce in dawo gobe za ta tuna.

Da na iso gida Mama ta dawo daga makabarta, takalminta duk laka, tana ba ni labarin an fara ganin tsiro a gefen kabarin. Na kasa kallon fuskarta, na ce kaina ke ciwo.

Talata, 15 ga Afrilu

Maƙwabcinmu Amangeldi, ɗan Kazak direban tarakta, yana da nasa labarin. Kakanninsa suna kiwon dawaki a filin nan tun kafin namu su zo, don haka ya ce shi ya fi mu sanin tarihinmu. Babansa da idonsa ya ga ƙararrawar a kan keken doki, sojoji biyu suna rakiyarta zuwa tasha.

"Babana kuwa bai taɓa ƙarya ba, sai in ana cinikin doki," in ji shi. Sannan ya yi ta dariya. "Amma in ta tabbata ba zan yi mamaki ba. Ku Jamusawa ko ƙarfe za ku ɓoye sai kun sa shi a layi, kun yi masa shinge, kun shuka masa fure."

Yanzu ƙararrawar tana kabari, tana tafki, an kuma narkar da ita. Kakata kuma ban san inda take ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na je wurin Kawu Reinhold. Na same shi a tsakar gida yana feƙe wani dogon katako, wai na rataye ƙararrawar ne. Ƙararrawar da ko ganinta ba a yi ba.

Na tambaye shi kai tsaye. Ya ajiye kayan aiki, ya daɗe yana kakkaɓe wandonsa.

Ya ce shekararsa goma sha huɗu a lokacin, dawaki aka ba shi ya riƙe a bakin makabarta, bai ga cikin akwatin ba. Babansa yana cikin masu ɗauka, shi ya gaya masa dab da zai mutu. Ba a taɓa tsintar Paulina ba, in ji shi. Suna suke bukata da za a sa a kan gicciye, sai aka sa nata.

"To me ya sa ba ka faɗa a coci ba, Kawu?"

"Olinda tana zaune tana kallona. 'Yata, na tsaya a gaban 'yan sanda sau uku saboda ikkilisiyar nan ban ji tsoro ba, amma uwarki ba zan iya ba." Ya ce ba za a taɓa wurin ba sai da izinin gidanmu, kuma ni yake so in ce e ko a'a.

Na ce in aka tona aka tarar da ƙasusuwan kakata fa?

"Sai mu roƙi Allah gafara mu rufe."

Da sauƙi a bakinsa. Uwarsa tana kwance a nata layin, ba wanda ke shakkar ko tukunya ce.

Asabar, 19 ga Afrilu

In ƙarfe ne a ciki, Mama ba ta da wanda za ta share wa. In ba ta da wanda za ta share wa...

Na ji kunyar wannan tunani, amma ya ƙi tafiya. Yana nan tare da ni har wurin tatsa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Na gaya wa Artur. Layi yana ta ƙara, ina ihu, matar gidan waya ta baza kunne.

"Mama, ku tona mana! Shekara sittin Kaka tana yi wa ƙarfe shara, ai taimakonta za ku yi."

Na ce in ya ga yadda take magana da wurin ba zai ce haka ba. Ya ce ni fa, haka zan zauna har in tsufa a garin da babu ko likita? Ya sa yarinyar a waya, na ji numfashinta kawai, sai layi ya yanke. Na yi kuka a hanya, ban san ko don ita ba ne ko don Mama.

Lahadi, 4 ga Mayu

Faston birni ya zo, wanda ke leƙo mu lokaci-lokaci. Yaro ne mai kirki daga Jamus, Jamusancinsa irin na rediyo ne, tsofaffinmu sai gyaɗa kai suke ba sa kama rabi. Shi ma namu sai ya yi ta murmushi.

Ya tambayi Kawu Reinhold ko an rubuta maganar ƙararrawar a wani wuri. Kawu ya ce wanda ya rubuta irin wannan a wancan zamani ai hukuncin kansa ya rubuta. Na ja faston gefe na tambaye shi ko zunubi ne a tona kabarin da ba a san ko kabari ne ba. Ya yi ja har kunne, ya ce ba a koya musu wannan ba, in bi abin da zuciyata ta gaya mini. Da zuciyata magana ɗaya take yi ai da ban zo wurinsa ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Na ce wa Kawu Reinhold e. Bayan bikin Fentikos, ranar Talata. Ya ce Allah ya yi mini albarka, na ji kamar zagina ya yi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Kullum in tashi da niyyar gaya mata, kullum in kwanta ban faɗa ba. Jiya har na buɗe baki, ta ce in miƙo mata gishiri, na miƙa, shi ke nan. Yau a sujada na kalle ta daga gefe. Ta ƙanƙance. Hannunta a kan littafi duk jijiya.

Me zan ce? Mama, uwarki ba ta nan, ba ta taɓa kasancewa a nan ba, ba wanda ya san inda take, tashi mu tafi Jamus? Ko kuma duka shirmen tsofaffi ne, in sa a buɗe wa tsohuwa ƙasusuwan uwarta a gaban gari don ina so in ga jikata.

Maƙwabta sun fara shirin shuka dankali. Ni ban taɓa gonata ba. Wa zai haƙe shi?

Asabar, 17 ga Mayu

Bari in rubuta tun ban fara shakkar kunnena ba.

Jajibirin Fentikos kowa yana gyaran kabarin nasa. Da mukan cika makabartar, yau mu kaɗan ne, yawancin kaburburan masu su suna Jamus. Na ɗauko bokitin farar ƙasa, Mama ta ɗauko fenti na gicciye. Muna durƙushe tana shafa, na ce, "Mama, akwai maganar da..."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Talata za su tona, ko? Hermina ta gaya mini. Hermina ko ruwa ba ta iya riƙewa a baki."

Na fara rantse-rantse, ina cewa ba a tabbatar ba, wataƙila ma ƙarya ce, zan je in hana.

"Ƙararrawa ce," in ji ta. "Riƙe mini gwangwanin nan."

Na riƙe.

"Ina tsaye daidai inda bokitinki yake. Suna sauke akwatin, igiya ɗaya ta zame, ya karkata. Sai na ji dum, can ƙasa-ƙasa, kamar an buga tukunya a cikin bargo. Matan suka ƙara ɗaga murya da waƙa. Ni kuwa na san muryar nan, ita ke tashinmu kowace Lahadi. Duk gari na kuka, ni kaɗai nake danne dariya. Na ce ashe Mamata ba ta ciki, tana can tana zuwa."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

"Baba ya matse mini hannu har ya yi ciwo, na gane. Da na yi magana, mazan nan takwas za a kwashe. Daga baya kuma wa zan gaya wa? Ke da kika dawo daga makaranta da jan ƙyallen 'yan gurguzu a wuya kina koya mini wai babu Allah?"

Ta ci gaba da fenti. Na zaci ta gama, sai ta ce ba a gaya mini dalilin da ya sa sunan uwarta aka zaɓa ba, ko? A da, in guguwar ƙanƙara ta taso, ana buga ƙararrawar ba tsayawa, don wanda ke fili ya ji inda gari yake. Ranar da Kaka ta tafi tasha an riga an sauke ƙararrawar, tana ɓoye cikin ciyawa a garken su Reinhold. Kakana ya bi gida-gida yana roƙo a fito da ita. Suka ce in aka buga, hukuma ta ji, an gama da su duka. Ba su buga ba.

"Da bazara suka zo neman suna, kansu a ƙasa. Baba ya ce su sa nata, tunda ita ta biya."

Na ce, "To Mama, duk shekarun nan me kike sharewa?"

"Da fari jira nake, daga nan ana hango hanyar tasha. Daga baya na saba. Mutum yana bukatar inda zai zauna ya yi magana da uwarsa, Melitta."

Na ce zan je wurin Kawu in janye maganata. Ta ce a'a, su tona, tana so ta gan ta ido da ido.

Na yi wata guda ina ɗauke da asiri ina tausaya mata, ashe ita ke tausaya mini. Na ji haushi, na ji kunya, na kuma ji sauƙi, duka a lokaci guda. Farar ƙasa ta bushe mini a hannu ban sani ba.

Talata, 20 ga Mayu

Amangeldi ya ƙi kawo tarakta. Ya ce ko ƙarfe ne a ciki an yi masa addu'a, da shebur zai yi. Shi da ƙannensa biyu suka haƙa, Kawu Reinhold na tsaye da hula a hannu, Mama a kan kujerar da na ɗauko mata. Har lokacin wani ɓangare na zuciyata yana jiran a ga ƙashi.

Katakon ya ruɓe, shebur ya daki wani abu. Amangeldi ya ɗago ya ce, "Allah ya jiƙan babana, ashe ba a kan doki kaɗai ba ne."

Ƙararrawar tana kwance a gefe, ta yi kore, ba ta kai girman da na zata ba, da kyar ta kai mini cinya. Da aka jawo ta sama sai muka ga an naɗe harshenta da wani tsumma. Yawancinsa ya zama ƙasa, amma inda ya manne da ƙarfen yana nan, ulu ne mai duhu da jan geza a baki.

Mama ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa ni ba.

"Gyalen Mamata ne na zuwa coci," in ji ta. "Na neme shi a gida na gaji."

Ita ta warware shi da kanta, a hankali. Kawu Reinhold ya matso ya ce, "Olinda, a garkenmu take a ranar nan. Ni na ɗora mata ciyawa." Ta ce, "Na sani, Reinhold. Yaro ne kai. Mayar da hularka, rana za ta buge ka."

Ta sa na koma gida na ɗauko ƙaramin akwatin zarenta, ta juye zaren a cinyata, ta shimfiɗa gyalen a ciki. Aka sauke shi cikin ramin, muka yi waƙar jana'iza daga farko har ƙarshe. Goggo Hermina ta fi kowa ɗaga murya, a wani baiti daban.

Suna mayar da ƙasa Mama ta ce, "Amangeldi, ɗana, kada ka daddanne ta sosai. Kai za ka sake haƙawa. Wurina ne."

Na ce mata a kunne, "Mama, ai yanzu kin gani da idonki babu kowa a ciki."

Ta ce, "Yanzu ne ma akwai."

Laraba, 21 ga Mayu

Na tona don in sami hanyar tafiya, na ƙare da haƙa wa uwata kabari. Wa zan kai wa ƙara?

Litinin, 26 ga Mayu

Na shuka dankali, rabin gona kawai. Don kada ciyawa ta cinye wurin ne.

Lahadi, 15 ga Yuni

Bikin shekara casa'in. An kafa ginshiƙai biyu a gaban ɗakin addu'a, aka ɗora katakon Kawu, aka rataye ta. Mun goge ta da toka da ruwan tsami har hannu ya yi ciwo, koren dai bai fita duka ba. Fasto ya zo, maƙwabta Kazak da Rashawa sun zo kallo, sun fi mu yawa. An yi burodi mai zaƙi, Amangeldi ya yanka rago.

Kawu Reinhold ya ba da tarihi: yadda na farkon suka haƙa ramuka suka zauna a ciki hunturun farko, yadda suka gina coci kafin su gama gidajensu, shekarun da babu fasto kakanni mata ke yi wa jarirai baftisma a kwanon miya, taga a rufe. Wasu na sani, wasu yau na fara ji, wasu kuma Goggo Hermina ta ce ba haka aka yi ba.

Sannan ya ja igiya. Muryarta a dishe take, ba daɗi kamar ta rediyo, amma na ji ta a ƙirjina. Karnukan gari duk suka ɗauka. Tsofaffi na kuka.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta harɗe hannu ta tsaya tana kallonta har aka gama. Ni kaɗai ke kusa, na ji ta ce mata, "Kin makara."

Litinin, 30 ga Yuni

Artur ya yi fushi. Ya ce shi ya kasa gane mu: da akwai gawa mun ƙi tafiya, babu gawa mun ƙi tafiya. Na ce ni ma ban gane ba. Ya ce to ni in taho, a nemi mai kula da Kaka. Na ce bari a haƙe dankali.

Asabar, 13 ga Satumba

Kawu Reinhold zai tafi jibi. Gidansa wayam, har labule an cire. Ya kira ni gaban ɗakin addu'a ya tsaya yana juya igiyar ƙararrawar a hannu.

"Tun da aka kafa ikkilisiyar nan mace ba ta taɓa riƙe igiyar nan ba."

Na ce to ya bar wa mai barcin nan na ɓangaren maza.

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini yadda ake buga ta yammacin Asabar, da ta safiyar Lahadi, da ta mutuwa, wadda ake yi ɗaya-ɗaya a bar kowace ta gama mutuwa kafin a sake. "Ta guguwa kuwa ba ta da ƙa'ida," in ji shi. "Ki yi ta ja kawai."

Na gaya masa riƙo ne zan yi kafin a sami wani, ni ma tafiya zan yi. Ya ce ya sani. Igiyar ta yi mini tsawo a sama, sai na yi ɗage kafin in kama.

Mama ta ji gwajin daga gida. Ta ce ta mutuwar na cika gaggawa, in nata ya zo kada in yi mata haka kamar wadda ta bar madara a wuta.

Talata, 18 ga Nuwamba

Guguwar farko. Tun azahar sama ta haɗe, kafin la'asar ba a ganin shingen Amangeldi. Na shigar da saniya, na toshe ƙofar garke, na zauna ina gyaran safa. Na kasa zama.

Ba wanda ya ce in je. A iya sanina ba kowa a hanya, motar birni ma ba ta zuwa ranar Talata. Na bi shinge da hannu har ɗakin addu'a. Igiyar ta daskare kamar sanda. Na yi ta ja, iska tana kwashe ƙarar, ni kaina da kyar nake ji. Ban san tsawon lokacin ba, sai da kafaɗuna suka ƙi.

Ba wanda ya zo. Dama ban ce wani zai zo ba.

Artur na jiran amsa ranar Litinin. Zan ce masa a bari hunturu ya wuce mu gani. Takardar tana nan ƙarƙashin tawul, ban ce na fasa ba. In iska ta kwanta zan sa Amangeldi ya ƙara wa igiyar tsawo daidai hannuna, wannan ɗagen zai karya mini baya.

Da na dawo Mama tana tsaye a taga, fitila a gabanta. Ba ta tambaye ni inda na je ba. Ta ce in cire takalmi in zo, shayi zai huce. Kofi uku ta ajiye a tebur, alhali mu biyu ne a gidan.

Na zuba a duka ukun.